Hoge a Tafin Hannu: Daga Laxton Zuwa Durham

Ɗan ƙanena ya kammala karatu a Nottingham, ya dage sai na je an yi bikin da ni, tunda ciwon ƙafa ya hana mahaifinsa doguwar tafiya. Watan Disamba ne, sanyi kamar ya tsaga ƙashi, kafin ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufe gari. Da aka watse daga biki ya ce, "Baffa, saura kwana huɗu ka koma. Ina kake so in kai ka?" Na ce gona. Ya sake tambaya, na sake ce masa gona, a wani ƙauye da ake kira Laxton.

Shekara talatin da biyu na yi ina aikin safiyo, ina jan tef ina kafa fegi a filayen mutane, amma abin da ya sa maganar ƙasa ta zame mini ƙaya a zuciya ya girmi aikin. Gonar mahaifina ce ta fadama. A bazarar 1974, bayan farin da ya ƙone amfanin shekarar da ta gabata, rumbunmu ya ƙare ƙaf, Baba ya jinginar da gonar ga wani mai hali na ƙauyenmu a kan buhu huɗu na dawa. Ina da shekara tara. Safiyar tana nan a idona: mai unguwa, liman, Baba, mutumin, sai ni a baya riƙe da buta. Aka bi iyaka daga gindin ɗorawa zuwa layin gamba, daga nan zuwa bakin rafi. Da aka dawo gindin ɗorawar, mai unguwa ya kama kunnena ya murɗa har sai da na yi ƙwalla, ya ce, "Yaro, ka ji da kyau. Jingina ce, ba sayarwa ba." Ko harafi ɗaya ba a rubuta ba. Bayan shekara ashirin da ɗoriya, duk manyan da suka tsaya a wurin sun riga mu gidan gaskiya, muka je da kuɗin fansa, magada suka ce ubansu saye ya yi. A gaban alƙali ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka ga abin, ni kuwa mai da'awa ne, mai da'awa ba ya zama shaidar kansa. Gonar ta tafi.

Tun muna makarantar safiyo wani malaminmu ya ambaci Laxton, ya ce shi ne ƙauye ɗaya da ya rage a Ingila inda ake noma bisa tsarin shekara ɗari takwas da suka wuce. Sunan bai taɓa fita daga kaina ba.

Tafiyar ba ta kai awa ɗaya a mota ba. Gidajen jan bulo ne a jere bakin hanya, kowane manomi gidansa da rumbunsa da garkensa a cikin gari, gona kuwa a bayan gari, kamar dai yadda muka saba a gida. Manyan filaye uku ne: na Yamma, na Kudu, da wanda ake kira na Injin Niƙa. Muka bi wata hanyar laka muka fita filin na uku, sai ga ƙasa shimfiɗe har iyakar gani, babu shinge, babu waya, babu katanga. An yanka ta ziri-ziri, kowane ziri da mai nomansa, kuma mutum ɗaya na da zirinsa a warwatse cikin filayen uku, don kada wani ya kwashe mai kyau ya bar wa ɗan uwansa tsandauri. Bana fili ɗaya alkama, ɗaya shukar bazara, ɗaya a bar shi saura ya huta, baɗi a juya.

Wani dattijo ya riske mu da karensa. Da ɗana ya gaya masa aikina, sai ya ja ni bakin wani ziri ya nuna mini fegin katako, sabo fil, ko baƙi bai yi ba. Ya ce ƙarshen watan jiya aka kafa shi. Kowace shekara, ƙarshen Nuwamba, mutum goma sha biyu daga manoman garin da shugabansu sukan zaga fili ɗaya da guduma da tulin fegi, su duba wanda garmarsa ta ci iyaka, wanda ya ci hanya, wanda bai yashe lambatunsa ba. Bayan mako guda kotun gari ta zauna a masaukin baƙi na tsakiyar ƙauyen, a kira sunaye, wanda bai zo ba ya aiko da kwabo biyu na uzuri, a yanka wa masu laifi tara. Dokar 1977 ta karɓe ikon shari'a daga irin waɗannan tsofaffin kotuna a Ingila, amma ta ambaci ta Laxton da suna ta ƙyale ta. Na tambaye shi ko ana biyan tarar. Ya ce yaya za ka ƙi biya, alhali wanda ya yanka maka ita maƙwabcinka ne, baɗi kuma kai za ka riƙe gudumar?

Na daɗe a tsugune gaban wannan fegi. Ni na kafa dubbai irinsa, na siminti ma, masu lamba, kuma na sha komawa bayan shekara biyar in tarar an tumɓuke su. Na nan ɗan katako ne da yaro zai iya cirewa da hannu ɗaya, abin da ke tsaronsa idon mutum goma sha biyu ne da ke dawowa duk zagayowar shekara.

A ɗakin baƙi na ƙauyen akwai kwafin taswirar da wani ma'auni, Mark Pierce, ya zana a 1635, da ziri sama da dubu biyu, kowanne da lambarsa, har da 'yan hotunan mutane suna huɗa suna girbi. Wani attajirin Landan, William Courten, shi ya sa a zana ta bayan ya sayi garin. Kafin shi an yi iyayen gida da yawa. Littafin ƙidayar da Sarki Wiliyam ya sa aka yi a 1086, wanda ake kira Domesday, ya nuna kafin Nomawa, wato mutanen Normandy ta arewacin Faransa, su ci Ingila da yaƙi a 1066 garin na hannun wani Toki ne, bayan yaƙin ya koma hannun Geoffrey Alselin. A 1952 gwamnati ta saye shi, a 1981 ya koma dukiyar masarauta, a 2020 aka sake sayar da shi. Har gobe manoman Laxton haya suke biya.

A arewacin ƙauyen akwai tudun da Nomawa suka tara da hannu suka gina ganuwa a kai. Ginin ya rushe, tudun na nan. Muka hau, iska na neman ɗauke mini hula, ɗana ya ce, "To Baffa, in mutum na son ya sayar da gonarsa a wancan zamani, yaya yake yi?"

Na ce masa ai tun daga kalmar "gonarsa" aka fara samun matsala. Bayan 1066 ƙasar Ingila kaf ta sarki ce, kowa riƙo yake yi. Sarki ya ba manyan hakimai, su kawo masa barade masu doki da sulke, bisa al'ada kwana arba'in a shekara. Hakimi ya yanka wa bardensa, barde ya yanka wa na ƙasa da shi. Mai karɓa zai cire hula, ya ajiye takobi, ya durƙusa ya sa tafukansa cikin tafukan ubangidansa, ya ce daga yau ya zama mutuminsa. Mu caffa muke ce wa wannan, kuma duk wanda ya san tarihin hakimai da jakadunsu a ƙasar Hausa kafin zuwan Turawa ba zai ji abin baƙo ƙwarai ba.

Amma caffa kaɗai ba ta sa gona ta sauya hannu. Na sauko daga tudun na ɓamɓaro hoge, jar laka mai nauyi da ciyawa a jikinta, na ce ya miƙo hannu. Haka ake yi. Mai bayarwa da mai karɓa su tsaya a kan ƙasar kanta, da rana tsaka, maƙwabta na kallo. Mai bayarwa ya yanko hoge, wani lokaci ya soka ɗan reshe a ciki, ya ɗora a tafin mai karɓa, ya faɗa da baki cewa ya ba shi, shi da magadansa. In gida ne, zoben ƙofa ake kama masa. Sannan mai bayarwa ya fita, da iyalinsa da dabbobinsa, ya bar mai karɓa a ciki. Masana shari'arsu suna kiran wannan zama a kan ƙasa "sizin", kuma idan ba a miƙa shi hannu da hannu ba, ko da an rubuta takarda an buga mata hatimi goma, ƙasar ba ta motsa ba. Takarda tuni ce kawai na abin da ya faru a gona. Sai a 1845 doka ta yarda rubutu shi kaɗai ya wadatar.

Ɗana ya tsaya da hogen a hannu, laka na bin yatsunsa. Sai na ba shi labarin da ya sa tsigar jikina ta tashi ranar da na fara karanta shi. A tsohuwar dokar Farankawa mazauna bakin kogin Rhine, tun ƙarni na bakwai, an ce mai sayen ƙasa ya zo wurin da shaidu manya, ya kuma zo da yara adadinsu, ya biya kuɗi a gabansu, sannan ya mari kowane yaro ya murɗe masa kunne, don ya riƙe ranar har tsufansa. Mai unguwarmu bai taɓa jin sunan kogin Rhine ba. Ɗana ya dubi kunnena, bai ce komai ba, ya ajiye hogen a hankali inda na ciro shi.

Wannan duk na 'yantattu ne. Akasarin waɗanda suka huɗa filayen nan a wancan zamani talakawa ne ɗaurarru da ƙasa, ba su da ikon barin gari sai da izini, kuma kotun sarki ba ta sauraron ƙararsu a kan ubangidansu game da gona. Irin wannan manomi in zai bar wa wani zirinsa, kotun gari zai je, ya kama bakin sanda, wakilin ubangida ya kama ɗaya bakin, ya ce ya mayar da gonar hannun ubangida. Wakili ya juya sandar ga sabon mutum, shi kuma ya biya kuɗin shiga. Idan manomi ya mutu, kafin a share makoki wakili ya zo ya zaɓi dabba mafi kyau a garke ya kora. Idan zai aurar da 'yarsa, sai ya biya. Duk ana rubutawa a doguwar fata da ake naɗewa kamar tabarma. Shi ya sa da talakawa suka yi bore a 1381, abin da suka fara nema a garuruwa da dama shi ne waɗannan naɗaɗɗun fatu, su cinna musu wuta. Daga baya kuma jikokinsu suka riƙa neman a ba su kwafin layin da sunansu yake, ya zama hujjarsu. Wannan riƙo na kwafi bai ƙare ba sai farkon 1926. Rubutun da ya ɗaure kaka shi ya kare jika, kuma na kwana ina juya wannan a raina.

Washegari muka shiga jirgin ƙasa zuwa Lincoln. Daga tasha sai an hau wani tudu mai tsayin gaske, hanyar duwatsu ce, sau biyu ina tsayawa in huta. A sama babbar majami'a na fuskantar ganuwar da Wiliyam ya gina a 1068. A cikin ganuwar, a wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa mai ƙarancin haske, ake ajiye ɗaya daga kwafi huɗu da suka rage na Magna Carta, yarjejeniyar da hakimai suka tilasta wa Sarki John a watan Yunin 1215. Fata ce guda, rubutun Latin ƙanana a cunkushe, tawadar ta koma ruwan ƙasa.

Ana yawan kiranta uwar 'yancin ɗan Adam. Wanda ya karanta sassanta na farko zai ga rigimar gado ce tsagwaronta. Tunda riƙo ake yi, in mai riƙo ya mutu magajinsa sai ya biya kafin a sakar masa ƙasar ubansa, kuma John ya mai da wannan saniyar tatsa. A 1213 ya yanka wa John de Lacy mak 7,000, wato sama da fam 4,600. Idan magaji yaro ne, sarki ya riƙe ƙasar yana cin amfaninta har yaron ya kai ashirin da ɗaya, ko ya sayar wa wani da riƙon. Gwauruwa mai dukiya da 'yar da ta gaji ƙasa kuwa haja ce: a 1214 Geoffrey de Mandeville ya amince da mak 20,000 don ya auri Isabella ta Gloucester, wadda sarkin da kansa ya taɓa aure ya rabu da ita. Yarjejeniyar ta yanke: hakimi fam 100, barde sule 100. Matar da mijinta ya rasu a ba ta rabonta ba tare da ta biya ba, ta zauna gidan mijin kwana arba'in, kuma kada a tilasta mata aure. Na yi farin ciki da wannan sashe na mata, domin na ga abin da ake yi wa gwauraye a kan fili da idona. Sai dai manomin Laxton mai kama bakin sanda, ɗan abin da ya samu a fatar nan bai taka kara ya karya ba.

A kan katangar ganuwar aka ba mu labarin Nicola de la Haye, matar da ta gaji riƙon wannan ganuwa daga mahaifinta, ta kuma tsare ta a 1217 tana tsohuwa, lokacin da 'yan tawaye da sojojin Faransa suka kewaye ta, har agaji ya iso. A dokarsu babban ɗa namiji ke kwashe ƙasa duka, ƙannensa su nemi abin yi. Sai in babu namiji ne 'ya'ya mata ke rabawa daidai. Wasiyya da ƙasa kuwa babu ita sai a 1540. Na ce wa ɗana ya gode wa Allah, da a nan aka haifi mahaifinsa, ni zan kwashe komai.

A jirgin Durham ya dawo da tambayarsa, yana son ya san yaushe aka fara saye da sayarwa irin na yau. Matsalar manya ita ce, duk wanda zai bar wa wani ƙasa sai ya mai da shi baransa, ya karɓi kuɗi a dunƙule, ya sa masa hidimar da ba ta taka kara ba, kamar furen wardi guda ko ƙwayar barkono a shekara. In mai bayarwar ya mutu ya bar maraya, ubangida na sama ya zo cin riƙo, sai ya tarar fure kaɗai ya rage masa. A 1290, zamanin Edward na ɗaya, aka yi dokar da ake kira Quia Emptores: ɗa mai 'yanci na iya sayar da ƙasarsa ga wanda ya so ba tare da izinin ubangida ba, amma mai saye ya shiga gurbin mai sayarwa, ba a ƙara sabon mataki. Masu riƙo kai tsaye daga sarki su ba a sake su ba, sai da yardarsa. Da shekaru suka tura, matakan tsakiya suka yi ta mutuwa, ƙasa ta yi ta komawa ga sarki shi kaɗai. Dokar na aiki a Ingila har yau. Ɗana ya ce ashe neman amincewar gwamna da ake yi a Najeriya kafin a sayar da fili mai takardar mallaka, tun dokar 1978, yana da kakanni. Na ce aƙalla kamar tana nan.

Dab da Darlington jirgi ya ƙetare kogin Tees, kusa da gadar Croft. A kan wannan gada ake tarar kowane sabon bishop na Durham a miƙa masa wani takobi mai faɗin baki kamar adda, ya karɓa ya mayar. Gidan Conyers da wannan hidima suka riƙe ƙasar Sockburn, kuma almara ta ce kakansu ya kashe wani dodon maciji da shi. Takobin, ƙirar ƙarni na sha uku, yana gidan tarihin majami'ar Durham, na gan shi bayan gilashi.

Majami'ar na kan dutse, kogin Wear ya naɗe ta ta gefe uku. An fara gininta a 1093 don kabarin waliyyinsu Cuthbert, kuma 'yan zuhudun wurin sun tara ƙasa mai yawa, domin masu hali kan ba da gona sadaka, su ɗora wuƙa ko sanda a kan bagadi a matsayin miƙawa. Ƙasar da ta shiga hannun coci ba ta fitowa: coci ba ya mutuwa, ba ya barin maraya, ba ya aurar da 'ya. Suka kira shi mataccen hannu, kuma a 1279 sarki ya hana a ba shi ƙasa sai da izini. Wata ma'aikaciyar wurin ta nuna mini hoton wani abu da ke cikin taskar takardunsu: wuƙa mai karyayyen kaifi, ɗaure da takardar fata, ta wani Stephen de Bulmer, daga ƙarni na sha biyu, kan sulhun ushirin wani ɗakin ibada a Lowick. An yi rubutu a jikin ƙotar kanta. Ga takarda an rubuta, amma zuciyarsu ba ta kwanta ba sai da suka ɗaura mata abin da hannun mutumin ya saba riƙewa.

A nan ne na tambaye ta jingina. Ta ce iri biyu suka sani: rayayyiya, wadda amfanin gonar ke rage bashi har ya ƙare, da matacciya, wadda mai bashi ke ci bashin na nan daram. Wani littafin shari'a na ƙarshen zamanin Henry na biyu ya kira ta biyun zalunci kuma nau'in riba, ko da yake kotun sarki ba ta hana ta ba. Daga sunanta Turawa suka samo kalmar da suke kiran bashin sayen gida a yau. Tamu ta fadama matacciya ce. Shekara ashirin da ɗoriya ana kwasar rake da albasa a kan buhu huɗu na dawa.

Na fito na zauna a dakalin farfajiya, duhu ya fara, fitilu sun kama. Na karɓi wayar ɗana na kira mahaifinsa. Bayan gaisuwa da barka na tambaye shi gonar tudu, wadda ta rage mana, da rabin da muka ba maƙwabcinmu aro shekara goma sha ɗaya ke nan.

Ya ce, "Yaya, lafiya dai? Ai mutumin kirki ne."

Na ce na sani. Na ce ya gaya wa mai unguwa da liman, Asabar ta farko bayan na sauka za mu bi iyaka, da shi maƙwabcin da 'ya'yansa. Zan zo da tef da fegi da takarda, kowa ya sa hannu. Baɗi ma bayan girbi a sake zagawa.

Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "A zo da yara?"

Na ce a zo da su duka, har matan.